Ƙauyen da Ba a Yar da Buhu

A ƙauyen su mahaifiyata, can ƙasar Auyo a gaɓar kogin Haɗejiya, ba a yar da buhu. Na taki ne, na sukari ne, na dusa ne, muddin bai rududduge ba to da sauran aikinsa. Da kaka shi ke kwaso shinkafa daga fadama. Da rani a farke shi a shanya tattasai a kai. In ya huje, mata su kama shi da basilla. Ranar da ya tsufa har ya daina riƙe hatsi, sai a ninke shi a cusa ƙarƙashin gado, a ce an ajiye wa ruwa.

Tun ina yaro nake jin wannan magana a bakin Kawu, amma sai a daminar 2022 na ga abin da ake nufi. Na je duba shi ne a watan Satumba da niyyar kwana biyu, ruwa ya datse hanya, na yi kwana tara.

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne, ruwan da ke cin waɗannan garuruwa ba a kansu yake sauka ba. Sai a wayi gari sama tas, rana na dukan ƙeya, amma kogi na ta hauhawa. Daga Kano yake tahowa. Kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya wuce Wudil, ya bi ta Ringim, ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ba dutse ba kwazazzabo, inda ruwa ke rasa inda zai dosa sai ya bazu. Can gaba wajen Gashuwa ya gamu da na Jama'are, su nufi Tafkin Cadi. Dattawa sun ce kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Calawa a 1992, kogin na ƙafewa da rani har samari su yi kokawa a kan rairayinsa. Yanzu ruwa ba ya yankewa duk shekara, kuma wannan ne ya yi wa kacalla gata. Ciyawar ta cika hanyoyin ruwa ta tsaya ƙiƙam, ta fi mutum tsayi, laka na taruwa a gindinta, jan-baki na kwana a cikinta su yi sammako gonar shinkafa. Ruwa ya zo ya tarar an toshe masa hanya, sai ya nemi ta cikin gari.

In abin ya taso, mutanen gari cewa suke an sako dam. Masu kula da dam kuma su ce ba wanda ya saki komai, in ya cika da kansa yake tumbatsa. Wannan musu bai taɓa hana ruwa isowa ba. Abin da ke da amfani shi ne wayar da 'yan'uwa ke bugowa daga Wudil da Ringim: ya wuce mu jiya, ku shirya.

Shirin kuwa ɗaya ne, jinga. Tsohon tudun ƙasa ne da ya kewaye garin ta ɓangaren kogi, kowace shekara ruwan sama da kofaton shanu su zaizaye shi, kowace damina a ƙara masa tsayi da buhuna. Daren da na kwana na biyu, ana idar da magariba mai shela ya bi lungu-lungu: Bulama na gaishe ku, ya ce kowane gida ya fito da buhun da yake da shi, duk namijin da ya isa ɗaukar shebur a haɗu a bakin jinga bayan isha'i. Kafin ya rufe baki na ji ana jan gadaje a ɗakunan mata.

Na bi taubashina, ɗan Kawu, muka tafi. Aka ba ni shebur, aka haɗa ni da wani yaro da ke riƙe mini bakin buhu. Na dage na cika shi taf, na ɗaure bakin da igiya kamar mai shirin kai gero kasuwa, ina jin na yi abin kirki. Sai ga Sarkin Ruwa da tocila a hannu, tsoho ne siriri, wando naɗe har gwiwa. Ya haska buhun, ya haska fuskata.

“Ɗan gidan wa?”

Aka ce masa ɗan 'yar'uwar wane ne, daga Kano.

“To shi ya sa. Malam, kwance shi. Zubar da kashi ɗaya cikin uku.”

Na ce, “Baba, ai na ɗauka mai nauyin ya fi.”

“Cikakken buhu ba ya kwanciya. Zama yake kamar tulu, ya bar kafa tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ruwa kuwa kafar allura yake nema.”

Ya karɓa ya nuna mini. Ba a ɗaure baki, lanƙwashe shi ake a mayar ƙarƙashi, a kwantar da buhun, na gaba ya danne wannan bakin. Sannan a hau a tattake da dunduniya har ya baje ya shige jikin na kusa da shi. Sahu na biyu kowane buhu ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, yadda birkila ke jera bulo. Gindin jinga a yi shi da faɗi, ana hawa ana tsukewa, domin wadda aka miƙar tsaye kamar katanga turawa ɗaya ruwa zai yi mata. Ƙasar ma ba kowace ba. Rairayi zalla yana da daɗin ɗiba amma ruwa na tsiyaya ta cikinsa. Lakar fadama na toshe kafa amma tana manne wa shebur, ga nauyin tsiya. Gauraya su ake. Kuma ba a haƙa kusa da gindin jinga komai gajiya. Daga nesa ake ɗebowa, a amalanke, a baro, a ka, ko a yi layi ana miƙa wa juna hannu da hannu.

Wajen ƙarfe biyu na dare bayana ya daina zama nawa. Mata suka kawo kunu a bokiti da ɗanwake a manyan kwanuka, aka ci a tsaye. Liman yana wurin, shi ma da laka har gemu. Almajiran tsangayar garin sun fi kowa sauri. Wani Alhaji da ƙafa ta hana shi fitowa ya aiko da man janareto da ƙwaryar goro, aka ce an karɓa. Wanda kuwa ya maƙale a ɗaki lafiyarsa ƙalau, ba wanda ya je ya tashe shi, amma an ƙirga. Irin wannan ƙirgen sai ranar da ya zo neman aron amalanke ko neman aure yake fitowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Sarkin Ruwa ke yawo ta bayan jinga, ɓangaren gari, ba ta gaban kogi ba. Yana tafe a sunkuye yana haska ƙasa. In ya ga ruwa na ɓuɓɓugowa, sai ya tara tafin hannu ya ɗebo ya duba. In garau ne ya wuce abinsa, ya ce zufa ce jinga ke yi. In ya ga ja ne ko ya gauraye da ƙasa, nan take murya ta canza: “Kai, samari! Nan! Buhu ashirin!” Ruwa mai ƙasa yana nufin yana sassaƙe jingar ta ƙarƙashi, yana yi wa kansa rami. Ba toshe bakin ramin suke ba, domin in an toshe nan zai ɓullo can. Zagaye shi suke da buhuna kamar bakin rijiya, ruwan ya taru a ciki ya hau, nauyinsa ya rage wa na bayansa ƙarfi, har ya koma fitowa garau. Daga baya na ji cewa injiniyoyin manyan koguna ma haka suke yi. Tsohon nan bai taɓa shiga aji ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba. Ruwan da jingarku ta tare bai ɓace ba, wani wurin zai nufa, kuma sau da yawa wani wurin nan gonar maƙwabta ce ko garinsu. Shi ya sa ko bayan an gama aiki ake barin samari da sanduna suna gadi har asuba, ba don ruwa kaɗai ba. Garuruwan da suka yi auratayya shekara da shekaru kan daina gaisawa saboda buhu biyar da aka ce wani ya zare da dare.

A waccan shekara ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wuya. Jingar garin su Kawu ta tsaya. Gari ta tsare, ba ta tsare gona ba. Shinkafar da ta fara fitar da kai ta kwana bakwai a ƙarƙashin ruwa, aka bi ta da kwale-kwale ana kallo. Buhunan taimako da aka yi ta alkawari sun iso ranar da ruwa ya fara ja, a mota mai ɗauke da hoton wanda ya aiko. Bulama ya karɓa ya yi godiya, ya sa aka ajiye wa baɗi.

Gidaje ma ba duka suka tsira ba. Ruwa bai shiga gari ba, amma ƙasa ta sha ta ƙoshi, damshi ya riƙa hawa katangun laka ta gindi. Sai a ga bango lafiya lau daga sama, ƙasansa kuwa ya zama kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Da dare a ji rugugi, da safe a ga ɗaki ya durƙusa. Duk wanda nasa ya faɗi magana ɗaya yake yi: in Allah ya hore, bulo zan yi. Kuɗin siminti kuwa kullum gaba yake, kuma bulon da ake bugawa a ƙauye, inda ake jan buhu ɗaya har sai ya haifi abin da bai kamata ya haifa ba, da farce ma kana iya kankare shi.

Jingar buhu ita ma ba ta kai baɗi. Abin da ke kashe buhun roba ba ruwa ba ne, rana ce. Kafin hunturu ya fita ya yi fari ya bushe, in ka murza sai ya zama gari a hannu. Awaki su ja, yara su tsaga, ƙasar ta zube. Sarkin Ruwa ya daɗe yana cewa a rufe buhunan da ƙasa a bar ciyawa ta kama, amma bayan ruwa ya ja kowa na can yana neman abin da zai shuka a fadama ya mayar da hasara. Don haka kowace shekara daga farko ake farawa.

Wannan asarar ce ta tsaya wa taubashina a wuya. Ya yi makarantar koyon sana'a, sashen gini, ya dawo gida babu aiki sai ɗan birkilanci in an samu. Wata rana ya ga bidiyo a YouTube na mutane suna gina ɗaki da buhunan ƙasa, ya ce ya kalla ya fi sau goma yana dariya, don abin da yake yi kyauta kowace damina ne wasu ke biyan kuɗi su koya.

Mutumin da ya fi kowa yaɗa wannan gini shi ne Nader Khalili, masanin zanen gine-gine ɗan Iran da ya zauna a Amurka. A 1984 ya gabatar wa hukumar NASA shawarar yadda za a yi wa mutane ɗaki a duniyar wata da ƙasar da ke can, tunda ba za a yi dakon siminti daga nan ba. A 1991 ya kafa cibiyar Cal-Earth a Hesperia, cikin hamadar Kalifoniya, inda ya riƙa cika dogayen buhuna da ƙasa yana naɗa su sahu-sahu har su haɗe a sama su zama ƙubba. An gina irinsu ga 'yan gudun hijirar Iraƙi a lardin Khuzestan na Iran, kuma a 2004 aikin ya samu lambar yabo ta Aga Khan. Ya rasu a 2008. A Nepal, bayan girgizar ƙasar Afrilun 2015 da ta kashe mutum kusan 9,000, an tarar gine-ginen buhun ƙasa da ke yankin suna tsaye, abin da ya sa aka ƙara rungumar dabarar wajen sake gina makarantu da gidaje. Abin da Khalili ya ƙara a kan aikin Sarkin Ruwa ba shi da yawa, amma shi ne ƙashin bayan ginin: waya mai ƙaya tsakanin sahu da sahu don kada buhu ya zame, daɓe mai ƙarfi, da yaɓe da zai ɓoye buhun daga rana.

Da na koma da bazara shekara biyu bayan ambaliyar, ɗakin na tsaye a bayan gidan Kawu. Zagayayye ne kamar bukka, faɗinsa taku biyar. Taubashina ya zagaya da ni yana bayani kamar mai tallan mota. Turke ya kafa a tsakiya ya ɗaura igiya, da ita yake auna kowane sahu don kada zagayen ya karkace. Ya haƙa tushe, sai dai ya rasa tsakuwa, don a wannan ƙasa sai tifa ta kawo daga nesa. Sai ya bi kangwaye yana tsintar fasasshen bulo da tsingaro, ya farfasa ya cika ramin, ya kuma cika sahu uku na farko da su, buhu biyu-biyu ɗaya cikin ɗaya, domin damshi ba ya hawa ta cikin tsakuwa yadda yake hawa ta cikin laka. Daga nan sai ƙasa, jigawa da ɗan laka, a yayyafa ruwa ba a kwaɓa ba. Gwajinsa shi ne ya dunƙula a hannu: in ta riƙe siffar yatsu ba ta ɗiga ba, ta yi. Madaɓinsa gwangwanin fenti ne da ya cika da siminti ya kafa wa sanda. Ana dukan buhu har sai sautin ya tashi daga “bif” ya koma “ƙwas”. Ya nuna mini tabon waya a duka hannayensa biyu.

Ƙubba kam bai yi ba, kuma ina ganin ya yi hankali. Ƙubbar ƙasa ta hamada ce. A inda ruwan Agusta ke kwana yana zuba, sai an yi mata shafe mai tsada in ba haka ba ta jiƙe. Jinka ya ɗora mai faɗin baki, yadda ruwa zai zuba nesa da bango. Yaɓen kuma na gargajiya ne, laka da ramno da kashin shanu, aka bi da makuba. In ba a gaya maka ba, ba za ka san akwai buhu ko ɗaya a ciki ba, sai dai kaurin bangon, da ya kai kamu guda, ya ba ka mamaki a bakin ƙofa.

Lokacin da ake ginin, an ce garin kaf ya zo kallo. Suna aka sa masa, ɗakin jinga. Masu wucewa su ce, “Injiniya, yaushe za a sako dam a bayan gidanku?” Tsohon maginin garin, wanda ya yi rabin sorayen unguwar da hannunsa, bai ce komai ba sai da aka kai sahu na goma. Ya zo ya sa kafaɗa ya tura, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya zagaya sau biyu.

“Yaro, wannan ai tubali ne ka sa wa riga.”

Ya yarda rigar na da amfani. Tubali sai an kwaɓa da ruwa mai yawa, an mulmula, an shanya kwana da kwanaki, kuma sai ƙasa mai danƙo. Buhu kuwa yana riƙe ƙasa ta bushe a inda aka ajiye ta, ko da mai rairayi ce wadda magini ba zai kalla ba. Amma ya ce kada yaron ya ruɗi kansa: ranar da ruwa ya haura sahun tsingaron nan ya kwana bakwai, abin da ke cikin rigar ƙasa ce, kuma ƙasa ta san ruwa. Ya ƙara da cewa aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, in ba gayya ba kuɗin lebura zai cinye rahusar. Duka biyun gaskiya ne.

Abin da ya kayar da darajar ɗakin ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Taubashina don amarya ya gina shi. Da 'yan ganin ɗaki suka koma suka ba da labari, uwar yarinya ta aiko da saƙo gajere: 'yarta ba shinkafa ba ce da za a kai ta ɗakin buhu. Aka yi rarrashi, aka ce a zo a taɓa bangon, aka ce ai Turawa ma suna yi. Ta ce to su kai tasu. Dole ya ci bashi ya tayar da ɗakin bulo mai rufin kwano a gefe, aka jera kaya a ciki.

Na yi dariya har da hawaye, ai taubashi ne, amma ban ga laifin matar ba. Mutanen nan sun ɗora rayukansu da na 'ya'yansu a kan buhun ƙasa a gaban kogi guda, ba su yi shakka ba. Ba ƙarfin ginin take tuhuma ba. Ɗakin amarya shi ne abin da dangi za su gani su san a ina aka ajiye 'yarsu, kuma talaka ya gaji da a kawo masa dabara mai rahusa wadda mai kawowar ba ya kwana a cikinta. Ni da nake yaba ɗakin, a gidan siminti nake kwana a Kano. Kowa ya san ƙasa ba kayan talauci ba ce tun asali: da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bakan-gizonsa na nan har yau. Amma wannan ba ya cikin abin da ake faɗa wa surukai.

Yanzu albasa ake ajiyewa a ɗakin jinga, da irin shinkafa, don sun fi daɗewa a can. Ranar da na isa, tsakar rana ce ta watan Afrilu, iska kamar daga bakin murhu. Na leƙa ɗakin bulo, kwano na ƙara don zafi, ba kowa. Na tarar da Kawu a ɗakin buhu, miƙe a kan tabarma, rediyo a ƙirji. Ya ce ɓera ya zo dubawa. A ɗaya gefen kuma amaryar ce zaune da faifai tana tsintar shinkafa, ta ja mayafi ta gaishe ni, ta ce albasa ta zo juyawa. Sanyin wurin kamar na gindin randa. Ban fita ba sai la'asar.

Ruwa bai gwada ɗakin ba tukuna. Taubashina ya ja layi da gawayi a jikin bango daidai inda sahun tsingaro ya ƙare, kowace damina yana duba shi.

Da zan tafi na miƙa wa Kawu sabulu da ɗan kuɗin goro. Ya karɓa ya sa albarka, ya rako ni har bakin hanya, sannan ya riƙe ƙofar motar.

“In za ka dawo, bar sabulun nan. Ka shiga kasuwar Dawanau ka samo mana buhu, ko ɗari ne. Ka zo da su kafin Agusta. Kuma kada su haɗa ka da wanda ya sha rana. Ka murza shi a hannu tukuna, in ya yi gari ka bar musu kayansu.”